Masu Yagaggen Fiffike

Treichville, Abidjan
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga 'yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki Lailatu da sauran mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke yi mini tsiya idan na daɗe a tsaye.

Ba ki san ni ba, sai dai ko a labari. Ni ne Nomau mahauci, ɗan Alhaji Jibrin wanda ya koro shanu daga Mashi ya zo Abidjan bai koma ba. Kakanki na wajen uwa ƙanin mahaifina ne, ciki ɗaya. Ke nan ni kawunki ne, ko kin so ko kin ƙi. Ibrahimu direba, mai jan motar Kano daga tashar Adjamé, shi ya ce mini kina jami'a a Zariya kina karatun ƙwari. Na yi dariya har na saki wuƙa. Daga baya na daina dariyar, don na ga ina da buƙatarki.

Ga zancen. A gidanmu na gado akwai itatuwa huɗu. Mangwaro ɗaya a bakin ƙofa, mahaifina ya dasa shi da hannunsa, a inuwarsa aka raɗa wa 'ya'yanmu suna, a inuwarsa aka yi masa sallah. Sauran ukun suna baya, sun fito da kansu ba wanda ya gayyace su. Ba 'ya'ya, ba magani, sai zubar da ganye.

Yanzu magada sun ce za a sare duka a gina bene. Mai jan su ita ce Kamila, 'yar marigayi yayana, injiniya ce, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta. An sa zaman gida mako ɗaya bayan Layya don a yanke magana. Da na tashi ina faɗa, sai ta ce mini, "Tonton, ka kawo mini dalili ɗaya wanda ba na matattu ba, zan saurare ka." Tonton shi ne baffa a Faransanci. Maganar ta yi mini ciwo, amma na karɓa.

Kullum idan na taso daga kasuwar Bracodi, a bayan gida nake wanke wuƙaƙe da kwanonin nama. Ruwan jinin yana kwanciya a gindin itatuwan nan uku, sai ki ga malam-buɗe-littafi sun sauka suna sha. Manya ne, baƙaƙe masu ɗigon shuɗi. Irinsu ban taɓa gani ba sai a bakin dajin Banco. To tsakanin Banco da gidanmu akwai Adjamé gaba ɗaya, da Plateau, da tafkin teku da muke kira lagin, saura siminti ne da hayaƙi kawai. Ta ina suke zuwa? Wannan zai iya zama dalili?

Ki ba Ibrahimu amsa a takarda. Ba na son maganar waya, mutum na magana ana katse shi.

Kawunki,
Nomau

*

Zariya
27 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Kawu Nomau,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mama ta yi kuka da na karanta mata wasiƙarka. Ta ce kai ne wanda aka kawo Mashi karatun firamare, ka yanka zakaran liman bisa kuskure. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana musu.

Kawu, ka ji abin mamaki. Shekara biyu da suka wuce na yi wata ɗaya a Banco ina kama ainihin waɗannan da ka kwatanta, ban san ina da kawu a hayin ruwa ba. Ina da samfurin guda sittin a ɗakin gwajinmu.

Bari in faɗa maka abin da nake nema. Ka san yadda kake kallon sa ka ce wannan na Azawak ne, wancan Bunaji, har ka ce daga garke kaza ya fito? Mu ma haka muke yi, sai dai ba da ido ba. A jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, daga su muke gane wa ya haifi wa, kuma daga wane daji. Gari ya kewaye Banco ta kowane gefe. Idan waɗanda ke ciki ba sa fita kuma ba a shigo musu, sai su yi ta haihuwa tsakaninsu har irin ya raunana. Amma idan akwai 'yan wuraren da suke sauka su huta su ci gaba, jini zai riƙa gaurayuwa. In har gidanku yana cikin wuraren nan, ka samu dalilinka, kuma na masu rai ne.

Na aiko da tarko biyu na yadin gidan sauro, da hantsaki, da 'yan kwalabe masu lamba da ruwan sifirit a ciki, da takardar izini da abokiyar aikina ta nan Abidjan ta nema mana. Ka rataye tarkon a baya, ka sa ruɓaɓɓiyar ayaba a ƙasa. Wanda ya shiga, ka riƙe shi a hankali, ka cire ƙafa ɗaya ta tsakiya ka sa a kwalba, a ɗauki hotonsa tare da lambar, ka sake shi. Ba zai mutu ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo ka sani tun yanzu. Abin da gwaji ya nuna, shi zan rubuta.

'Yarka,
Rufaida

*

Treichville
24 ga Fabrairu, 2025

'Yata Malama mai ƙwari,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya kai mu azumi lafiya. Ki ce wa Lailatu zakaran nan shi ya kawo kansa, kuma ya yi daɗi.

Kayanki sun zo. Ayabarki ba ta aiki sosai, 'yata. Kwana biyu na kama uku kacal. Sai na ce bari in yi yadda na sani, na ɗauko tumbi da ɗan hanji na bar su suka kwana biyu a roba, na haɗa da ayabar. Tabɗi! Sai ga su kamar an buga ƙararrawa. Matata Jidda ta ce idan warin nan ya kai sallah za ta koma gidan ƙanwarta a Koumassi. Amma ita ce ke ɗaukar hoton da wayarta, kuma ita ce ke yi mini tsawa idan na riƙe su da ƙarfi.

Cire ƙafar bai ba ni wuya ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana raba nama da jijiya, ƙafar ƙwaro ba za ta gagare shi ba. Ina yin bisimilla kafin kowanne, don ban san hukuncin abin ba, kuma ban tambayi liman ba kada ya ce na fara taɓuwa. Mahautan Bracodi dai sun riga sun faɗa. Yanzu idan na shigo sai su ce ga Sarkin Papiyon ya iso, papiyon shi ne sunan malam-buɗe-littafi a Faransanci.

Ga kwalabe ashirin da huɗu a hannun Ibrahimu. Jidda ta tura miki hotunan. Ki duba ki gani, kowanne tas, kamar yau aka fito da shi daga shago.

Kamila ta zo jiya da igiyar awo. Ta auna har gindin mangwaro, ta sa masa jan fenti. Ki yi sauri.

Kawunki,
Nomau

*

Zariya
8 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Kawu,

Barka da sallah, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina gaida Inna Jidda da godiya, hotunanta sun fi na ɗalibanmu kyau. Ka yafe mini jinkiri, na'urarmu ta tsaya kusan mako uku.

Kawu, na rubuta wasiƙar nan sau uku ina yagawa. Sakamakon bai zo yadda muke so ba.

Duka ashirin da huɗun 'yan gida ɗaya ne. Uwa biyu ko uku suka haife su, kuma iyayen ma dangin juna ne na kusa. A nan bayan gidanku aka yi ƙwansu, a nan suka zama tsutsa suka ci ganye, a nan suka fito. Na duba hoton ganyen, itatuwan nan uku dangin katsari ne na kurmi, su ne abincin tsutsar. Mangwaro ba ruwansu da shi. Ban samu ko ɗaya da zan ce daga Banco ya taso ba.

Abin da wannan ke nunawa shi ne gida ne a rufe. Wataƙila da daɗewa kakanninsu suka maƙale a nan, suna ta juyawa tsakaninsu. Idan na rubuta wa Kamila takarda yau, abin da zan iya cewa ke nan, kuma ka san ba zai taimake ka ba. Ba zan iya ƙara abin da ban gani ba.

Zuciyata ba ta kwanta ba dai. Irin nan suna da ƙarfin tashi, ban gane yadda za a ce ko baƙo ɗaya bai shigo ba. Ka rubuto mini yadda kake kamun, daki-daki.

'Yarka,
Rufaida

*

Treichville
28 ga Afrilu, 2025

Rufaida,

Mun yi sallah lafiya. Gwiwa tana nan.

Na karanta takardarki. Na ajiye ta a aljihu mako biyu ina jin ta kamar garwashi. Ba zan iya ƙara abin da ban gani ba, in ji ki. Yaushe na ce ki yi mini ƙarya? Shekara hamsin ina fawa, ba a taɓa kama ni na sa yatsa a kan sikeli ba. Sannan ki ce in bayyana miki yadda nake kamun, wato aikin nawa ne bai yi ba.

To ga yadda nake yi, tunda kin tambaya. Tarko yakan kama goma, wani lokaci sha biyu. Ina zama in duba su ɗaya bayan ɗaya. Masu yagaggen fiffike, da waɗanda launinsu ya koɗe, da waɗanda tsuntsu ya gatsa, duk ina buɗe musu su tafi. Sai na ƙwarai nake cire wa ƙafa. Kwana ashirin na yi kafin in tara miki ashirin da huɗun nan. Haka mahaifina ya koya mana, abin da za a aika wa dangi a gida ba a haɗa shi da mai aibi. Ko kilishi ne sai an zaɓi fallen da ba ƙuna. Wannan ce aika ta farko da ta fita daga gidan nan zuwa gidanku tun rasuwarsa, da me za a ce idan na tura miki tsumma?

Kin ce gida ne a rufe. Na ji. Mu ma haka ake ce mana a nan, kuma haka kuke ce mana a can. Na sauke tarkon, na ninke shi. Idan Ibrahimu zai taso zan ba shi ya mayar miki.

Nomau

*

Zariya
5 ga Mayu, 2025

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri. Na kira wayar Inna Jidda sau shida, ta ce ka ce ba ka nan alhali ina jin tarinka. Don haka na tura mata hoton wannan takarda ta nuna maka yau, asalin kuma yana hanya.

Ban taɓa zargin ka da ƙarya ba, Allah shi ne shaida. Kaina nake ja wa kunne. Kuma laifin nawa ne, ni ce ban ce maka kada ka zaɓa ba. Mu a wurinmu abin ya zama jiki har mun manta ana faɗa.

Kawu, don Allah kada ka ba Ibrahimu tarkon nan. Waɗanda kake sakin su ne nake nema! Wanda ya fito jiya a bayan gidanku, dole fiffikensa ya zama tas, bai je ko'ina ba. Wanda ya taso daga Banco, ya ratsa hayaƙin Adjamé, tsuntsaye suka kai masa sara, iska ta buga shi a kan ruwa, yaya kake so ya iso? A yage zai iso, a koɗe. Ka zaɓo mini 'yan gida ka sallami matafiya. Da na karanta wasiƙarka na tashi tsaye ina ihu a ɗakin gwaji, har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ban ce tabbas daga Banco suke ba. Tsufa ma yana yaga fiffike. Amma ba za mu sani ba sai mun gwada.

Lokaci ya ƙure. Idan kwalabe suka iso mini kafin ƙarshen Mayu, zan bar komai in yi su kafin zamanku. Na san kwanakin nan ne kasuwar raguna ke kankama kuma ba ka da lokacin kanka. Ko goma ne, ka samo. Duk wanda ya shiga tarko ka ɗauka, musamman wanda za ka ji kunyar nuna wa mutane.

'Yarka da ba ta da wani kawu mahauci sai kai,
Rufaida

*

Treichville
21 ga Mayu, 2025

'Yata,

Lafiya lau muke, ruwa ne dai ya sauko mana babu ƙaƙƙautawa. Tarin da kika ji na gaske ne, amma ya tafi.

Jidda ta karanta mini takardarki a waya, ta ƙara da nata. Ta ce shekara talatin da takwas tana gaya mini wannan zaɓe-zaɓen nawa zai ja mini wata rana. Ashe da hannuna na riƙa buɗe wa shaiduna ƙofa ina cewa su tafi. Na tuna wata babba da rabin fiffikenta babu, sau uku tana shiga ina kore ta, har ina yi mata faɗa.

Na mayar da tarko a ranar. Sai ruwa ya ce bai san zance ba. Kwana biyar ko ƙuda bai shiga ba. Ga raguna sun fara sauka daga arewa, abokan sana'a na ta aike in zo mu duba kaya. Na ce su duba ban da ni. Rabon da in bar kasuwar Layya tun ina da shekara goma sha bakwai. Da rana ta ɗan leƙo sai in bar teburina a Bracodi in hau mota in tsallaka gada, in duba tarko, in koma. Wata rana sau uku na yi haka, gwiwar nan har ta daina yi mini magana.

Ranar Asabar Kamila ta zo da mai gini. Ta same ni durƙushe a cikin taɓo da robar tumbi, tabarau ya yi hazo, ga wata yagaggiya a hannuna na kasa ganin ƙafar. Ta toshe hanci ta ce, "Tonton, me kake yi haka?" Na ce dalilin da kika ce in kawo ne nake nema, in za ki taimaka ki riƙe hantsaki, in ba za ki taimaka ba ki matsa mini daga haske. Ta tsaya tana kallona. Sai ta miƙa wa mai ginin jakarta ta tsuguna. Hannunta bai yi rawa ba, jinin mahauta ne. Da muka sake ta, ta bi ta da ido har ta haye katanga, ta ce, "Da wannan fiffiken?" Amma ba ta goge jan fentin ba.

Tara na samu. Ga su nan, ba kyan gani ko ɗaya. Lamba ta bakwai ita ce ta Kamila. Ta ce ki turo mata sakamakon da Faransanci, da lambobi, ba ta son labari.

Kawunki,
Nomau

*

Zariya
10 ga Yuni, 2025

Kawu,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Mama ta ce a gaishe ka, kuma ta ce ka sa man zafi a gwiwar nan ka daina taurin kai.

A cikin taran, huɗu 'yan gida ne da suka tsufa. Huɗu kuwa ba su da dangantaka da kowa a gidanku, gadonsu ya yi daidai da na Banco. Na maimaita gwajin sau biyu don kada in yaudari kaina. Kawu, sun tsallako.

Saura lamba bakwai. Ita ba ta gidanku ba ce, ba kuma ta Banco ba. Daga wani daji take wanda ba ni da samfurinsa, ban san ko ina ne ba tukuna. Ke nan ba daga gefe ɗaya kawai ake zuwa ba. Bayan gidanku zango ne, na Banco da na wani wuri suna haɗuwa a ciki. Uku daga cikin baƙin mata ne, kuma mata ba sa zuwa wurin katsarin nan sai don su yi ƙwai.

Tara ba su da yawa, na rubuta haka a takardar Kamila, ban ɓoye ba. Na kuma rubuta mata wani abu da ya zama dole kai ma in faɗa maka kafin ka ji a bakinta. Duk abin da na samu, a kan itatuwan baya uku ne. Ba ni da kalma ɗaya da zan kare mangwaro da ita. Na nema, wallahi na nema.

Allah ya sa a tashi zaman lafiya.

'Yarka,
Rufaida

*

Treichville
25 ga Yuni, 2025

Zuwa ga 'yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Jidda na gaishe ki, ta ce wari ya zama ɗan gida yanzu. Na san kin ƙosa ki ji. Kamila ta so ta kira ki, na hana, na ce ni zan rubuta.

An yi zaman ranar Lahadi bayan la'asar, mu goma sha ɗaya, a inuwar mangwaro. Kamila ta karanta takardarki da Faransanci, ta juya wa tsofaffi da Hausarta mai ɗingishi. Wani ɗan ƙanena ya yi dariya ya ce yanzu saboda papiyon za a fasa bene? Ta ce masa ba wanda ya ce za a fasa, ya bari ta gama.

Sai ta shimfiɗa zane biyu a kan tabarma. Ashe kwana huɗu ta yi tana aikinsu. Ta ce filin ba zai ɗauki bene da itatuwa huɗu ba, ta juya shi ta kowace fuska. A zane na farko ginin yana baya, a sare ukun, mangwaro ya tsaya. A na biyu ginin yana gaba, mangwaro ya tafi, ukun su tsaya da ɗan fili kewaye da su. Ta ce ɗakunan duk ɗaya ne, magada ba su da asara ko ta ina. Sannan ta dube ni ta ce, "Tonton, kai ka kawo dalili. Kai za ka zaɓa."

'Yata, ban taɓa shiga tsaka mai wuya haka ba. Duk wannan wahalar don mangwaron na yi ta, ke ma kin sani. Su ukun nan ko sunansu ban sani ba sai da kika faɗa. Mahaifina ma sau biyu yana cewa zai sare su, mantuwa ta hana. Na san in na ce a bar mangwaro ba mai musa mini. Jidda tana bakin ƙofar kicin, ta ƙi kallona.

Na tuna wadda na kora sau uku. Da rabin fiffike ta ratso Adjamé ta haye ruwa, ta iso ta tarar da ni ina ce mata ba ta isa ba. Idan 'ya'yanta suka biyo hanyar suka tarar da siminti fa? Na ɗora yatsa a kan zane na biyu.

Jiya aka sare shi. Ban bar masu injin su fara ba, ni na yi sara na farko da gatarin mahaifina, na yi bisimilla kamar yadda ake yi wa kowace dabba. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, a gaban yara da mai gini da kowa. Kamila ta sa an yanka mini gindin, zan kai Bracodi in riƙa saran nama a kai. Ta kuma ce a zanen ta bar famfo a baya, don in ci gaba da wanke wuƙaƙena a wurin.

Tarko yana rataye. Ki aiko da kwalabe da yawa, kin ce tara ba su isa ba, kuma ina so in san garin su lamba bakwai kafin in mutu. Ki zo da kanki idan an yi hutu, ki taho da Lailatu. Akwai ɗaki.

A cikin kwalin da Ibrahimu zai ba ki akwai mangwaro goma sha uku, su ne na ƙarshe da ya yi. Wasu tsuntsu ya taɓa, biyu sun fashe da suka faɗo, ɗaya ma akwai tsutsa. Ban zaɓa ba, duk na zuba. Ku sha abin da ya shawu, ƙwallayen kuma ki ba Lailatu ta kai Mashi ta dasa.

Kawunki,
Nomau